Nasani da Ƙannensa Ɗari da Goma Sha Huɗu

Duk layinmu babu wanda ya tuna sunansa na gaskiya. Nasani muke ce masa, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce masa ana ruwa a waje, zai ce, "Ai na sani." Ka ce masa wandonsa ya yage ta baya, zai ce ya sani, shi ya bar shi haka don iska ta riƙa shiga. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, saboda haka shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan wannan "na sani" safe da yamma kamar magani.

Ba zan ci amanarsa ba, hannunsa yana da kyau. Firiji, fanka, dutsen guga, duk abin da ke cin wuta in ya mutu, Nasani zai tashe shi. Ciwonsa ɗaya ne: gani yake wanda ya san cikin firiji ya san cikin komai, har da cikin banki.

A farkon watan da zan ba ku labari, mai shagunan layinmu ya ce zai sayar da shagon da Nasani yake haya. Ya yi masa kara, ya ce shi ne na farko: in ya biya rabin kuɗin ranar Juma'ar ƙarshen wata kafin ƙarfe huɗu na yamma, shago ya zama nasa. In ya wuce minti ɗaya, akwai wani mai sayar da wayoyi da ya daɗe yana zagaya wurin yana lashe baki. Nasani kuwa tun yana saurayi yake mafarkin wannan shago. Ya tara kusan rabin, saura ɗan abin da aikin sati uku zai cike. Kuɗin duk suna cikin asusunsa na kansa, wanda ya buɗe tun yana koyon aiki, kuma a cikinsa duk mai gyara yake tura masa ladan aiki, tunda yanzu mutane sun daina yawo da tsabar kuɗi.

Ana nan sai ga saƙo daga banki. Ya karanta mana da ƙarfi, ni da mai askin da ke ɗaya gefen nasa, yana yi yana taɓe baki. Bankin ya ce ya lura ana sana'a da asusun da aka buɗe don hidimar kai, kuma ƙa'ida ba ta yarda ba. Ya zo ya mayar da shi asusun kasuwanci, in ba haka ba za a rufe.

A daidai lokacin matarsa ta iso da abincin rana. Maman 'Yan Biyu muke ce mata, mace mai ƙarancin magana da yawan aiki, kek take gasawa a gida tana kai wa shaguna. Ta saurara har ya gama.

"Baban 'Yan Biyu, ka je ka cike musu takardar mana. Ni da na buɗe nawa, kafin azahar na dawo gida."

"Ke ai sun same ki a arha," in ji shi. "Asusun kasuwanci! Duk wata su yanki wani abu, su ce ladan kula da asusu. Kula da me? Ciyar da shi suke yi?"

"Abin da suke yanka bai kai kuɗin shayinka na kwana uku ba."

"Na sani. Amma ni ba a cin kuɗina ina kallo. Ku saurara ku ƙaru. Kun ɗauka mutum ne yake duba asusun nan? Kwamfuta ce. Kwamfuta kuwa ba ta da wayo, abin da aka rubuta mata shi take karantawa. In za a turo kuɗi, ba akwai gurbin da ake rubuta dalili ba? To mutanen nan su ke tona min asiri, wannan ya rubuta 'gyaran fanka', wancan 'gyaran firiji'. Daga yau kowa zai rubuta kyauta. Akwai dokar da ta hana a yi wa mutum kyauta?"

Mai aski ya ɗaga almakashi sama. "Injiniya! Wallahi da kai aka ba bankin nan, da tuni ya rufe."

Nasani ya ɗauka yabo ne, har da gyara wuyan riga. Maman 'Yan Biyu ta tattara kwanukanta ta tafi.

Kafin la'asar ya samo katako da fenti ja, ya rubuta da manyan baƙaƙe ya kafa a ƙofar shago: SANARWA. DAGA YAU DUK AIKIN DA AKA YI A SHAGON NAN KYAUTA NE.

Na fito da tef a wuya na karanta sau biyu. Na ce, "Maƙwabci, anya? Kalmar nan fa fuska biyu gare ta. Akwai kyautar da ake ba mutum, akwai kyautar da ba a biya."

"Na sani."

"To mutane za su ɗauka..."

"Tela, ka tsaya a kan zare da allura. Wannan harkar manyan ƙwaƙwale ce."

Na koma kan kekena. Na so in ƙara magana, amma in faɗi gaskiya, na fi son in ga abin da gari zai waye da shi.

Da safe ban samu hanyar shiga shagona ba. Layi ya miƙe tun daga ƙofar Nasani har ya sha kwana. Firiji a kan baro, firiji a kan kai, fankoki a rungume kamar jarirai. Wata mata ta zo da injin markaɗe da yara uku suna tura shi. Wani dattijo ɗan fansho ya kawo rediyon da ya ce ta yi shiru tun ranar da aka haifi 'yarsa, 'yar kuwa yanzu tana da jika.

Nasani ya iso ya ga jama'a, ya juyo ya kalle ni yana murmushi. "Ka gani? Suna ke nan."

Ya fara da fankar wata mata mai jan mayafi. Minti ashirin ta soma juyawa. Ya goge hannu ya nuna mata lambar asusu a bango.

"Sai ki turo, a gurbin dalili ki rubuta kyauta."

"In turo me?"

"Kuɗin aiki mana."

Ta juya ta kalli allon, ta dawo ta kalle shi. "Malam, kyauta ce ko da kuɗi?"

"Kyauta ce, amma ba waccan kyautar ba. Ɗaya kyautar."

"Kyauta nawa ce a duniya?"

"Wato ke ce za ki yi min kyautar."

"Ni? A kan me? Na haife ka ne?" Ta ɗaga murya har ƙarshen layi. "Jama'a, ku ji! Wai kyautar ma saye ake yi!"

Layi ya ɗauki guna-guni. Mai injin markaɗe ta ce ta biya ɗan dako tun daga bayan kasuwa, ba za ta koma da inji a mace ba. Dattijo mai rediyo ya soma girgiza kai yana cewa mutanen yanzu ba su da alkawari. Nasani ya buɗe baki zai yi bayani, sai mai aski, Allah Ya shirye shi, ya hau kan benci ya yi kururuwa:

"Ku kwantar da hankalinku! Injiniya ba ya magana biyu! Wasa yake yi mata! Mutumin da zai sayi shago sukutum ƙarshen watan nan, kuɗin fanka ne zai tsone masa ido?"

Aka ɗauki tafi. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Na kalli Nasani. A gabansa ga gaskiya, ga tafi, kuma duk wanda ya san shi ya san wanda zai zaɓa. Ya ɗaga hannu biyu kamar mai neman ƙuri'a, ya ce, "Na gaba!"

Kwana uku ya yi yana aikin Allah-da-Annabi. Har kayan gyara daga aljihunsa ya saya. Rediyon dattijo kaɗai ta ci masa yini guda, da ta tashi kuma ba ta kama komai sai shuuu, dattijon ya ce daman haka take yi tun tana sabuwa. Rana ta huɗu ya tumɓuke allon ya jefa bayan shago, ya zauna a bencina idanu sun faɗa.

"Kuskuren na jama'a ne," in ji shi. "Ba su da zurfin karatu. Yanzu na samo kalmar da ba ta da fuska biyu: taimako."

Wannan karon bai kafa allo ba, baki da baki yake faɗa. Duk wanda aka yi wa gyara, sai Nasani ya matso kusa da kunnensa ya rage murya, ya ce, "Don Allah in za ka turo, ka rubuta taimako." To ku faɗa min, mutumin da ya yi kwana uku yana aiki a banza, ya rame, sannan ya koma raɗa wa mutane kalmar taimako a kunne, me za a ɗauka?

Kafin sati ya zagayo, labari ya gama unguwa cewa Nasani ya karye. Mai aski, da zuciya ɗaya ko da biyu, Allah ne masani, ya watsa lambar asusun a zauren waya na 'yan layi, ya rubuta a ƙasa: "Ɗan'uwanmu yana cikin wani hali, yana jin nauyin faɗa." Wayar Nasani ta koma ƙara ba tsayawa. Mutanen da bai taɓa gani ba suna turo ɗan abin da ya sawwaƙa, kowa da abin da yake rubutawa. "Allah Ya yaye." "A sayi sabulu." "Ka daure, haka duniya take." Wata tsohuwa ta aiko da buhun tsofaffin riguna, wai a rage wa 'yan biyu. Ni aka kawo wa ragin.

Ranar da abin ya kai maƙura, mai shaguna da kansa ya zo, mai wayoyi yana biye da shi yana wasa da makullin mota.

"Na ji abin da ya faru," in ji mai shaguna. "In ba za ka iya ba, ka faɗa min tun yanzu, ba abin kunya ba ne. Ga bawan Allah nan a shirye yake."

Nasani ya miƙe har yana ture kwalbar gas. "Ni? Ni ne ba zan iya ba? Ranka ya daɗe, ranar Alhamis ma zan biya, ba sai Juma'a ba! A gaban kowa! Ku zo da kujeru!"

Suna tafiya saƙo na biyu ya shigo daga banki. An ga kuɗi suna shigowa daga mutane barkatai fiye da da, ana buƙatar ya zo ya yi bayani. Da yamma Maman 'Yan Biyu ta zo, a hannunta takardar buɗe asusun kasuwanci, ta je ta karɓo masa da ƙafarta.

"Shafi biyu ne kawai," ta ce. "Ka cike, gobe in raka ka."

Ya karɓa, ya ninke ta huɗu, ya tura ƙarƙashin ƙafar teburinsa da ke rawa. "Ga amfaninta. Ke dai ki ci gaba da tara wa bankinki, ki sayi babban murhun gashin kek ɗin da kike mafarki. Ni na gano inda kwamfutar take tuntuɓe. Baƙi take tsoro. Amma akwai bankin da zai hana ƙane ya turo wa yayansa kuɗi?"

Ta daɗe tana kallon ƙafar teburin. Ni da ke gefe na ji kunya ta kama ni a madadinsa.

Haka aka shiga zango na uku. Namiji ya rubuta "daga ƙanenka", mace ta rubuta "daga ƙanwarka". Mutane suka ga abin dariya ne, suka karɓe shi hannu biyu. Kafin ka ce me, duk layi an daina Nasani an koma Yaya. Mai kai gas, Yaya. Mai shara, Yaya. Dattijo mai rediyo ya dawo gyaran dutsen guga, da furfurarsa da sandarsa, ya biya ya rubuta "daga ƙanenka". Aiki ya yi kyau, kuɗi suka cika har da ɗoriya, Nasani ya koma tafiya yana buɗa kafaɗa.

Abin da ya manta shi ne yana da uwa. Inna, tsohuwa mai kaifin harshe, 'ya'ya uku ta haifa a duniya, shi da mata biyu, kuma shekara tara ke nan da rasuwar mijinta, ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kan sunansa. Ranar Laraba tana layin ganin likitan ido, wata mata ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ba ki san ni ba, ni ƙanwar Yaya mai firiji ce. Shi da bakinsa ya ce. Ai muna da yawa." Inna ba ta jira likita ba, ta ce idonta ya buɗe.

Mu ba mu san wannan ba sai daga baya. Ranar Alhamis dai aka jera kujeru kamar yadda ya ce. Nasani ya sa farar riga, ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga waya sama don kowa ya gani, ya danna don tura wa mai shaguna kuɗin. Wayar ta yi tunani, ta ce ba za a iya ba. Ya ce matsalar sabis ce, ya hau kan benci. Ta ce ba za a iya ba. Ya hau kan wani mataccen firiji, ya miƙa hannu sama. Daga can saman ne ya karanta saƙo na uku, kuma na ga farar rigar ta soma jiƙewa ta baya. An dakatar da asusun.

"Ƙaramin abu ne," ya ce yana saukowa. "Na sani. Gobe da safe zan je in koya musu aikinsu. Tela, ka raka ni, ka ga yadda ake magana da manya."

Mai aski ma ya rufe shago ya biyo mu, wai ba za a ba shi labari ba.

Tun daga ƙofar banki abin ya soma lalacewa. Mai gadi ya washe baki ya ce, "A'a, Yaya! Sannu da zuwa! Fankar nan tana nan tana aiki." A cikin layi mutum biyu suka ɗago hannu, "Yaya, ina kwana?" Nasani yana amsawa da ƙyar, yana sauri.

Aka zaunar da mu gaban wata ma'aikaciya mai tabarau, teburinta a fili, babu ƙofa babu labule, duk wanda ke layi yana ji. Ta buga takardu masu yawa ta jera a gabanta, ta yi magana a hankali cikin ladabi, irin ladabin da ke sa gumi.

"Malam, tambaya ɗaya ce. Sana'a kake yi da asusun nan?"

"Sana'a? Ni? Ko kusa. Zumunci ne kawai."

"A satin farko mutum biyu sun rubuta kyauta."

"Ina da farin jini."

"A na biyu mutum tamanin da shida sun rubuta taimako, ko abin da ya yi kama da shi. Wani ya ce a sayi sabulu."

"Mutane ne masu tsafta."

Ta gyara tabarau. "Daga nan zuwa jiya kuma, ƙanne ɗari da goma sha huɗu."

"Mu gidan yawa ne."

"Uwa ɗaya ko uba ɗaya?"

Ba ma'aikaciyar ce ta yi wannan tambayar ba. Daga bayanmu ta fito. Muka juya, sai ga Inna tsaye, ta dogara sanda, a ɗaya hannun ta rungume hoton marigayi mai firam, wanda ta ciro daga bangon ɗakinta. Ta je shago aka ce mata muna banki.

"Da kai nake," in ji Inna. "Ni dai uku na haifa, kai da ƙannenka mata biyu, kuma ina wurin duk sau ukun. Saura ɗari da goma sha biyun, na wane ne?"

Banki ya yi tsit, har injin ƙirga kuɗi ya tsaya. Nasani ya kalli mai tabarau, ya kalli Inna. In ya ce ƙannensa ne, ya ɗora wa ubansa iyalin da suka fi ƙarfin motar haya goma. In ya ce ba ƙannensa ba ne, ya tona kansa a gaban banki.

"Inna, wato... Baba ai mutum ne mai tafiye-tafiye..."

"Tafiye-tafiye!" Ta juya hoton ta kalle shi ido cikin ido. "Ka ji ko? Shekara talatin da takwas kana ce min kana zuwa sayo kayan gyaran keke! Ashe gari-gari kake bi kana tara min jama'a! Ni ina nan ina yi maka addu'a kullum!"

"Inna, ki rage murya..."

"Ba zan rage ba! A kira min su! Duk wanda ya san ɗan mijina ne ya fito in gan shi!"

Mai gadi, da ya ji ana kiran ƙanne, ya leƙo ya ɗaga hannu a hankali. Mutum biyun da ke layi suka kalli juna, su ma suka ɗaga. Sai ga wata sanda ta ɗago daga kujerun masu karɓar fansho: dattijo mai rediyo ne.

Inna ta ƙura masa ido. "Kai kuma shekararka nawa?"

"Saba'in da huɗu, Hajiya."

"Marigayin da yana raye, da saba'in da ɗaya gare shi. Ya haife ka tun kafin a haife shi?"

"Ni dai dutsen guga na kai gyara," in ji dattijo. "Aka ce in rubuta ƙane, na rubuta."

Dariyar da aka yi a bankin nan, har manaja ya fito daga ofis ya ga ko lafiya. Mai aski ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mai tabarau kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa biro a kan wani layi ta juyo da takardar.

"Layi na sittin da uku, 'daga ƙanwarka'. Wannan ni ce, Malam. Mijina ya kawo maka firijinmu, ni na biya. Yana sanyi sosai, mun gode. Da ka zo tun saƙon farko, da minti arba'in ya ishe mu."

Inna ta sauke hoton, ta goge gilashinsa da gefen mayafi. "Yi haƙuri, Malam," ta ce wa hoton a hankali. Sannan ta juya ga ɗanta. "Don kuɗin shayi ka sayar da mutuncin ubanka a bainar jama'a. Ka zo gida ka same ni."

Hukuncin bai da tsawo. An rufe asusun. Kuɗinsa nasa ne, babu mai taɓa ko ƙwandala, amma sai an gama bincike, kwana talatin na aiki, sannan a ba shi. Nasani ya ce yau ƙarfe huɗu yake buƙatarsu. Ya roƙa, ya yi rantsuwa, har ya ce zai gyara na'urar sanyaya bankin kyauta. Mai tabarau ta ce, "Wace kyautar?" Daga nan muka fito, bayan mun shafe yini a bankin.

A hanyar komawa ko mai aski bai yi tsokana ba. Nasani yana tafe yana kallon ƙasa, kuma wallahi ya ba ni tausayi, domin na san abin da shagon nan yake a ransa. A cikinsa ya kwana ranar da aka haifi 'yan biyu saboda murna ta hana shi zama a gida, shi ya yi masa daɓe da hannunsa.

Huɗu saura kwata muka iso. Mai wayoyi yana nan da tef yana auna faɗin ƙofa, yana faɗa wa wani inda za a sa gilashi. Mai shaguna yana zaune a bencina yana duba agogo. A gefensa Maman 'Yan Biyu ce, fulawa har gwiwar hannu, ga alama daga bakin aiki ta taso. Inna ta biya ta gida ta faɗa mata komai.

Nasani ya tsaya gaban mai shaguna hannu rabbana.

"Ka makara," in ji mai shaguna. "An riga an biya, tun uku da rabi." Ya juya ga mai wayoyi. "Kai kuma naɗe tef ɗinka, tun ɗazu nake so in faɗa maka, na ga kana jin daɗin awon ne."

Ya miƙa wa Maman 'Yan Biyu takarda, sunanta ne a kai. Daga asusun kasuwancinta ta tura, ya wuce a dannawa ɗaya.

Nasani ya dube ta. "Kuɗin murhun ne?"

"Su ne."

"Shekara uku kina tarawa."

"Uku da wata biyar."

Ya zauna a bakin ƙofar shagon, a ƙasa, da farar rigarsa. Idonsa ya kawo ruwa, bai ma ɓoye ba. Can ya ɗago, da 'yar muryar da ban taɓa jin yana da ita ba, ya ce, "To... kyauta ce?"

"Kada ka ƙara furta kalmar nan a gabana," ta ce. "In kuɗinka sun fito, ka sayo min murhuna, sannan mu yi maganar suna a takarda. Kafin nan kai ɗan haya ne, kuma ni ba na son ɗan haya mai surutu."

Ta shiga shagon, ta ɗaga ƙafar teburin nan mai rawa, ta zaro takardar da ya ninke huɗu. Ta warware ta, ta shafe ƙurar da tafin hannu, ta ajiye masa a gwiwa tare da biro. Ya rubuta sunansa. Ya rubuta sana'a: gyaran firiji da fanka. Da ya zo gurbi na uku sai biron ya tsaya, ya daɗe a tsaye.

"Maman 'Yan Biyu, me ake rubutawa a nan?"

"Ba ka sani ba?"

Ya kalle ni, ya kalli mai aski, ya kalli jama'ar da suka taru. Ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba."

Mai aski ya dafe ƙirji ya ce a ba shi kujera, shekara goma sha ɗaya yake jiran wannan rana. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta tattara zanenta ta zauna kusa da shi a bakin ƙofar, ta ɗora yatsa mai fulawa a kan gurbin, ta ce, "To matso in nuna maka."